Ranar da na yi wa babban goge tiyata

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta cikin bazara ba, ko da na so in manta, don mutanen Malanville ba su da niyyar ƙyale ni.

Ni mai haɗa goge ne. A hannun mahaifina na koya, shi kuma a hannun nasa. Rumfata tana bayan kasuwar albasa, inda nake zama da ƙwarya da fatar guza da izgar doki, makaɗa suna zuwa mini daga Guéné da Garou, har daga Gaya a ƙetaren gada. Ba wanda ke kirana da sunan yanka, Maigoge kawai ake cewa. To in mutum ya shekara talatin ana ce masa ba kamarsa, wata rana sai ya yarda. Ni dai na yarda tun da wuri.

Ina da aboki tun muna yara, Mushe Bubakar (“Mushe” shi ne “malam” a bakinmu na ƙasar Faransanci), wanda ke koyar da kiɗa a wata makarantar sakandare ta garinmu. Shekara takwas bawan Allahn nan ya yi yana rubuta takarda zuwa wata ƙungiya a Kwatano mai taimaka wa makarantu da kayan kiɗa, yana roƙon a ba ɗalibansa kwantarbas. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, a ƙasa ake kafa shi, mai kaɗawa ya tsaya ya rungume shi. A shekara ta takwas suka gaji da takardunsa, suka ce za su aiko da guda biyu ya gwada ya zaɓi ɗaya. Amma da sharaɗi: matar da za ta kawo su, wadda ita ce mai gyara musu kaya, sai ta gamsu cewa akwai wanda zai iya kula da shi a zafin garinmu. In ba ta gamsu ba, ta koma da abinta.

Mushe ya zo rumfata bakinsa har kunne.

“Maigoge, kai na maganina. Na hwaɗa musu muna da gwanin tsirkiya wanda babu kamatai daga nan har Kandi. Ka taho kawai ta gane ka.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tsirkiya ai tsirkiya ce. (Ku riƙe wannan maganar, daga nan na fara nitsewa.)

Ranar na sa babbar riga na tafi. A ɗakin malamai na tarar da su, an jingine su a kusurwa, kowanne ya fi ni tsawo. Ɗaya ja, ɗaya baƙi wuluk. Matar, Madam Salamatu, 'yar Kandi ce da ta yi koyon aikin a Kwatano, gajeriya, marar yawan magana, ta rataya tabarau a wuya da igiya. Ta bayyana mana cewa kowanne an ƙera shi ne daidai da son wani shahararren makaɗi na ƙasar waje, har da sa hannunsa a wata takarda da aka manna a ciki. In ka leƙa ta ɗaya daga ramuka biyun da ke fuskar abin za ka hango. Na leƙa, na gyaɗa kai kamar na san mutumin.

Aka ce gwani ya fara gwadawa. Na kama jan. Tsirkiyoyinsa suna kusa da allon wuya, da ka ɗora yatsa sun kwanta, ga murya mai taushi. Na ɗan lalubo wani kiɗan goge a kai, ɗaliban da suka cika tagogi suka tafa. Kaina ya ƙara girma.

Sai na koma ga baƙin. Wannan kam tsirkiyoyinsa sun yi sama, har ɗan yatsa zai wuce ta ƙarƙashinsu, ga kauri kamar igiyar ɗaure jirgin ruwa. Na danna, ta ƙi kaiwa ga allo. Na ƙara ƙarfi har jijiyar wuyana ta tashi, na ja, abin ya yi wani gurnani irin na sa mai mura. Wata yarinya a taga ta fashe da dariya, saura suka bi ta. Madam ta karɓa, ta ja tsirkiya ɗaya, sai da gilasan taga suka yi rawa. Na ji muryar a cikin cikina.

“Makaɗin da anka ƙera wanga dominai ƙato na,” in ji ta. “Shina son tsirkiya bisa, don shi ja da ƙarhi a jiya shi ba lasifika. Ba icce kaɗai ka magana ba, yadda anka daidaita shi na.”

Mushe ya riga ya mutu a kan baƙin. Garin da wuta ke ɗaukewa sau uku a yini, abin da za a ji shi har ƙarshen fili ba lasifika ai shi ne kaya. Damuwarsa ɗaya, hannun yara ba zai iya danna shi ba. Madam ta ce ba komai, in an dawo ƙarfe uku za a duba wannan.

Sha biyu ta yi, Dirakta ya gayyaci kowa gidansa cin shinkafa da kifi. Ni kuwa dariyar yarinyar nan tana ta yi mini ƙaiƙayi. Sai na ji bakina ya ce ina azumin nafila, zan zauna in yi gadin kaya. (Ban yi azumi ba. Ƙarya na yi, kuma ta ja mini asarar kifi tun kafin sauran hukunci ya iso.)

Dabarata mai sauƙi ce. A goge, ɗan itacen da tsirkiya ke hawa a kai, wanda muke kira jaki, in ya yi tsawo sai ka cire shi ka rage, ka mayar. Na yi haka ya fi sau dubu. Na ce kafin su dawo zan sauke tsirkiyoyin nan, Madam ta zo ta tarar an gama aikin da take shirin yi, ta san Malanville ba ƙauye ba ne.

Na kwantar da shi a kan tebur biyu. Na sassauta tsirkiyoyin duka huɗu lokaci guda, na zare jakin. A ƙafafunsa na ga wasu 'yan ƙarafa biyu masu kama da taya, na ce Turawa dai da son ado. Na fito da magagarina daga aljihu na rage kansa, na shafe shi sumul. Gaskiya aikin ya yi kyau, har yanzu ina faɗa.

Ina juya abin don in mayar da jaki sai na ji ƙwal, sannan gurrr, wani abu yana gangarawa a ciki. Na girgiza, ya sake gangarawa. Rabin awa na yi ina fama da waya da yatsu biyu ta wannan siririn rami, gumi ya jiƙe babbar rigata, kafin na zaro shi. Wata 'yar sanda ce, kaurin babban yatsa, tsawonta taƙi guda. Ba fenti, ba alamar gam, ba komai. Na dube ta na yi dariya ni kaɗai. Ashe su ma masu sa hannu a takarda suna mance guntun itace a cikin aiki! Ni da ko ɗan tsakuwa ban taɓa bari a cikin ƙwarya ba. Na jefa ta aljihu, na mayar da jaki, na ɗaure tsirkiyoyi tamau, na jingine shi inda yake, na zauna ina lazimi kamar mutumin kirki.

Ƙarfe uku ɗakin ya cika. Dirakta, malamai, shugaban iyayen yara, ɗalibai a taga sun ninka na safe. Madam ta jawo baƙin ta ja tsirkiya. Muryar nan mai girgiza gilashi ta tafi. Abin da ya fito wani fanko ne, kamar ana buga tsohuwar jarka, ga wani zzz yana biye da shi. Ta sake ja. Ta ɗaure fuska, ta sa tabarau.

A nan ne mai hankali zai kama bakinsa. Ni sai na miƙe, na gyara riga.

“Madam, Dirakta, jama'a, ku yi mani haƙuri. Ni ban son ɓata sunan kowa. Amma tun da sahe na san abinga ba shi da lahiya. Suna daban, aiki daban. Na rage mai jaki don yara, wanga kyauta ta. Amma ku dibi abin da ni ishe cikinai.”

Na zaro sandar na ɗaga ta sama, har ina juyawa don na taga su gani da kyau.

Na ɗauka za a tafa. Shugaban iyayen yara ma ya fara cewa “Kai, Maigoge!” Amma Madam ba ta ko dube ni sau biyu ba. Ta kwantar da abin a ƙasa da sauri, ta durƙusa tana kwance tsirkiyoyi. Sai da duka huɗun suka saki sannan ta ɗago.

“Awa nawa shina ɗaure hakanga, babu ita ciki?”

Na ce kamar awa biyu. Muryata ta riga ta ƙanƙance.

“Baba, wagga sanda ita ad ginshiƙi. Tsaye take ciki, tsakanin huska da baya, ba a sa mata gam, nauyin tsirkiya ka riƙe ta. Ka kwance duka, ta hwaɗi. Ka ɗaure babu ita, huska na iya tsagewa. In ta tsage, ya ƙare.”

Har yanzu hannuna na sama da sandar. Na rasa yadda ake sauke hannu. Garin neman gira na tsone ido, kuma ba nawa idon ba. Na waiga wajen Mushe. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe, yana kallon ƙasa. Bai zage ni ba, bai ko harare ni ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Shekara takwas na mutum na ɗauka na sa a aljihu.

Madam ta fito da wani ɗan madubi mai dogon hannu ta zura ciki.

“Kai da ka hidda ta, taho riƙa man hitila.”

Na durƙusa da babbar rigata ina haska mata da fitilar wayar Dirakta. Ta duba lungu lungu, ta shafa fuskar da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa. Na yi duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Can ta ja numfashi ta ce bai tsage ba. Mushe ya mayar da hularsa.

Mayar da sandar ya ci awa guda. Da wani lanƙwasasshen ƙarfe ta soke ta, ta zura ta ramin, tana ƙoƙarin tsayar da ita a inda ido ba ya kaiwa. Sau uku tana faɗuwa, kowane ƙwal sai na ji shi a ƙirjina. Da ta tsaya, ta ɗaura tsirkiyoyi ta ja, murya ta dawo. Ta ɗan matsar da sandar, bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba, ta sake ja, sai muryar ta ƙara zurfi. Na saki baki. Saura wannan zzz ɗin, wanda aikin magagarina ne, don na sauke tsirkiyoyin har suna gogar allo. Sai ta kama 'yan tayoyin nan na ƙafar jaki, waɗanda na ce ado ne, ta murza su da yatsa biyu. Tsirkiyoyi suka ɗaga kaɗan, zzz ya ɓace.

“Abin da za ni yi ƙarhe ukku ke nan,” in ji ta. “Minti biyu.”

Nan fa tagogi suka ɓarke da dariya. Dirakta ya juya baya yana tari na ƙarya.

Da aka lafa, ya yi tambayar da kowa ke tsoro: za a bar mana ko za a tafi da shi? Madam ta shafa kan jakin, daidai inda na rage. Ta kira yarinyar nan mai dariya ta ce ta danna. Yarinya ta danna, tsirkiya ta kwanta ba wahala, murya ta fito cike da ɗaki.

“Wa yak koya maka magagari?”

Na ce mahaifina.

“Ya koya maka da kyau. Hannu ya iya, kai na bai tambaya. Ina barin shi, amma sai ka taho Kwatano ka yi sati biyu wurina. Shara za ka hwara yi.”

Na dubi Mushe. A karo na farko tun ƙarfe uku ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Shina zuwa. Ko da ɗaure shi za ni yi bisa buhun albasa.”

Na je kuwa. Ina da shekara hamsin da biyu, da jikoki uku, na yi shara a shagon Madam Salamatu, na koyi tsayar da sanda har na iya. Kwantarbas ɗin yana makarantar har gobe, ni nake duba shi duk shigowar zafi, kuma Mushe ba ya barina da shi ni kaɗai a ɗaki.

Abin da na koya bai da yawa. In ka tarar da abu a cikin aikin wani ba ka san amfaninsa ba, ka tambaya kafin ka cire. In kuma shaiɗan ya riga ya ci ƙarfinka ka cire, to don Allah kada ka tara jama'a ka ɗaga musu shi sama.