Sandar Sharfuddeen Ba Ta San Agogo Ba

Duk Harra ta Gabas babu wanda ya waye kamar Sharfuddeen Jumare, wanda muke kira Mista Dahran. Ya zauna da Amurkawan kamfanin mai a garin Dahran, ya dawo Madina da hular hana-salla da wata sanda mai sheƙi. Mahassada suna cewa ruwan ƙanƙara kawai yake kai wa 'yan wasa a can, amma mahassada ba su da hula irin tasa.

Kullum bayan la'asar sai ya goge sandar da man zaitun yana wa'azi. "Besbol, ya jama'a, wasan masu hankali ne. Zagaye tara, ma fi sa'a, wato babu agogo. Ni in na buga ƙwallo a nan, sai dai a tsince ta a Bi'ir Ali, can bayan gari."

Ana haka ya ce yana son Fatna, bazawarar da ke sayar da turare. Ita kuwa ta ce sai ta ga bugun nan da ya cika musu kunne, sannan ta ba shi amsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya tara maza a fili cikin kwarin Aƙiƙ, ya raba su biyu, ya karɓe agogon kowa ya zuba a hula. Fatna ta zauna a inuwa da ƙawayenta.

"Ga nizami," in ji shi. "Ɓangare ɗaya yana bugu, ɗaya yana tsaro. Ba a sauyawa sai masu tsaro sun fitar da mutum uku. Kuma manya su ke bugun ƙarshe, saboda haka ku fara."

Ya miƙa sandarsa ga Abdou, mutumin Nijar mai gasa burodi, ya tsaya tsakiyar rana yana jifa. Abin da bai lissafa ba shi ne mutanensa. Usmanu tela, da ƙwallo ta taso masa, sai ya kare fuska yana salati. Sauran sun koma neman inuwa. Abdou kuwa ya saba da doguwar sandar tanda, duk jifa sai ya aika ta cikin duwatsu, Fatna tana dariya a bayan mayafi.

Aka yi azahar aka dawo, ba a fitar da kowa ba. Aka yi la'asar, an fitar da mutum ɗaya, shi ma matarsa ce ta aiko kiransa. Wallahi na tausaya wa Mista Dahran, rigarsa ta jiƙe, hannu ya ƙi ɗaguwa.

"Halas, shi ke nan," ya ce da dasasshiyar murya. "Lokaci ya ƙure, a ba ni sandata."

"Wane lokaci kuma, ya ustaz?" in ji Abdou cikin ladabi. "Ai agogunan suna cikin hularka. Saura mutum biyu."

Da magariba ta gabato Fatna ta naɗe tabarmarta. Ta ce alƙawari dai bugu za ta gani, kuma ta gani.

Bayan sallar layya aka ɗaura aurenta da Abdou. Muciya ta yi wa mata kaɗan wajen tuƙin tuwon biki, sai aka aika gidan Mista Dahran aron sandar. Mata sun yaba ƙwarai, sun ce ba su taɓa ganin muciyar da ta sha mai haka ba.