Kwamfutar da Ba Ta Jiran Gaisuwa

Ranar da zan nuna wa dattawan Kurugu hotunan sabon irin gyaɗa, na saita kwamfutata ta yi barci bayan minti ɗaya, don batir ya kai yamma. Har cika baki na yi.

Na manta gaisuwar dattijo ba ta ƙarewa a minti ɗaya. Kafin Kawu Sule ya gama "ya iyali, ya ruwa," ta yi duhu. Na tashe ta, wani ya yi sallama, ta koma.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, injinka ba ya son mutane ne?"

Batir kam ya kai yamma, gyaɗa ce ba wanda ya gani. Har yau in na yi gyangyaɗi a majalisa sai a ce, "Ku ƙyale shi, tattalin batir yake."