Garkuwan Bishiyoyi da Murhun da Ya Ƙi Kamawa

Idan ana lissafa mutanen da aka haifa don su ceci duniya, a fara da Garkuwan Bishiyoyi, in takarda ta yi saura sai a saka wasu. Shi ne shugaban Ƙungiyar Girki Ba Hayaƙi. Shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, shi ya fara taya kansa murna a jarida. Laƙabin Garkuwa ma bai wahalar da kowa ba. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga wanda ya cancanta ba, sai ya sa aka buga masa a kati.

Bawan Allah ne mai raunin zuciya. Ko reshe ya gani a karye sai idonsa ya ciko, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Ya dasa bishiya ya fi sau ɗari. Masu sa ido sun ce guda ɗaya ce, a cikin tukunya take, in an tashi daga taro sakatarensa ke mayar da ita bayan mota. Amma su masu sa ido ai ba a raba su da hassada.

A gidan rediyo kuwa, in ya kama lasifika sai an kashe masa.

"Jama'a," in ji shi, "duk wanda ya hura itace, ya sani numfashin jikokinsa yake ƙonawa. Ni gidana shekara tara rabon da a ga hayaƙi. 'Ya'yana ba su san kalar toka ba. Kwanan baya autata ta ga gawayi a hanya, ta tambaye ni wane irin dutse ne wannan."

Ana nan sai wata babbar gidauniya ta ce ranar Asabar za ta naɗa Jakadan Girki Mai Tsabta, da mota, da kujerar gaba a tarukan ƙasashen waje. 'Yan takara biyu ne: Garkuwa, da wata malamar asibiti mai ritaya da ke bi gida gida tana koya wa mata girki da ɗan murhun da ba ya cin makamashi. Garkuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba, tunda ko shafi ba ta da shi a intanet. Ya ba da ɗinki kala uku, kullum yana gaban madubi yana gwada yadda jakada ke ɗaga hannu.

Sai dai akwai wata 'yar magana. A bayan gidansa, bayan garejin, akwai rumfar kwano da murhu mai duwatsu uku. Gaskiyar da ba a faɗa a rediyo ita ce, Garkuwa ba ya iya haɗiye abincin gas. Ya ce ba shi da rai, kamar an dafa shi da fushi. Kullum da safe yana tsugune a rumfar nan da singileti, yana jera itace da hannunsa, don a ganinsa matarsa har yau ba ta iya ba wa wuta hanyar iska ba. Nan ne kaɗai ake ganin farin cikinsa na gaske. In ya gama ya yi wanka, ya juye rabin kwalbar turare, ya fita wa'azi. Mai itace ta ƙofar baya yake shigowa, amalankensa a lulluɓe da tampol, an kuma gargaɗe shi in an tambaya ya ce kayan gini ne. Maƙwabta sun daɗe suna mamakin ginin da aka shekara tara ana kawo wa kaya ba a ga ko bulo ɗaya ya tashi ba.

Ranar Talata ya rungumi bishiyar tsakar gidansa, sakatare ya ɗauki hoto, aka saka a shafinsa da rubutu: "Barka da safiya daga gidan da bai san hayaƙi ba." Hoton ya yi kyau. Haƙora fari tas. Sai dai a saman kafaɗarsa ta hagu, wani siririn abu mai launin toka yana hawa sama abinsa.

Wata baiwar Allah da ba ta da aikin yi ta zagaye abin da jan layi, ta rubuta: "Ranka ya daɗe, bishiyar ce ke shan sigari?"

Kafin azahar hoton ya zaga duniya. Garkuwa ya amsa cewa hazo ne. Aka ce ba a taɓa ganin hazo mai fitowa daga wuri ɗaya kamar igiya ba. Ya ce to na maƙwabci ne. Maƙwabcin, wani tela mai ladabi, ya shigo da kansa ya rubuta: "Ni da risho nake girki, ranka ya daɗe. Amma muna godiya da ƙamshin miya." Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wata ta ce ta ga matarsa a kasuwa idonta jawur. Wani ya ce ya taɓa zama kusa da shi a taro, ƙarƙashin turaren akwai ƙauri, amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Wani da bai taɓa taka unguwar ba ya rantse daji guda ke jibge a ɗakin baƙi.

"Baban yara," in ji matarsa, "ka yi shiru kwana biyu. Za su sami wani su ƙyale ka."

Shawara ce mai kyau, shi ya sa bai ɗauka ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ga shi Asabar ta matso. Ya sanar cewa ranar Juma'a da yamma zai nuna wa duniya kicin ɗinsa kai tsaye, maƙiya su mutu.

Kicin ɗin kam abin kallo ne. Akwai murhun gas mai kai shida da aka ba shi kyauta ranar ƙaddamar da ƙungiya, har yau da ledarsa, ana jera kwanuka a kai. Sakatare ya yaye ledar ya goge. Ba wanda ya tuna cewa tukunyar gas ɗin ba a taɓa cika ta ba tun da aka kawo ta.

"Komai ya faru kada ka kashe waya," Garkuwa ya ce wa sakatare, mai riƙe da wayar. "Kada su ce mun yanke wani wuri."

Mutum dubu huɗu suka hau kallo, har da 'yan gidauniya. Ya fito cikin ɗaya daga kayan jakadanci, ya yi jawabin minti ashirin a kan sharrin mahassada, sannan ya ɗora tukunya.

"Yanzu ku kalli wayewa," ya ce, ya murɗa maɓalli.

Ƙas, ƙas. Shiru. Ya murɗa na biyu. Shiru. Ya yi murmushi, ya ƙyasta ashana ya kanga. Ta cinye har ta lashi yatsansa. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Gumi ya fara bin bayan kunnensa, saƙonni na gudu a fuskar waya kamar tururuwa.

To, sabo turken wawa. Kansa ya ɗauki zafi, jiki ya karɓi aiki. Garkuwa ya tattare riga ya cusa tsakanin gwiwoyi, ya tsuguna, ya karkata kai, ya kanne ido don gudun hayaƙin da babu shi, ya cika kumatu ya shiga hura murhun gas. Fuu, fuu. Hurawa ce ta gwani, doguwa, daga ƙasa, irin wadda ba a koyo a kwana ɗaya. Da ya ga ta ƙi, ya miƙa hannu ya warto takardar ƙungiya mai taken "Hayaƙi Guba Ne", ya kama fifita da ita. Sannan ya juya wajen ƙofa, da muryar da yake yi kowace safiya:

"Maman yara, wannan ya sha raɓa. Miƙo mini ƙirare."

Ita kuwa, da yake mace ce mai biyayya, ba a ƙirga goma ba sai ga ta da dami guda. Sakatare ma mai biyayya ne, bai kashe waya ba.

Ranar Asabar aka naɗa malamar asibiti. Ta zo a motar haya, ta yi godiya da jimla biyu, ta koma aikinta. Garkuwa kuwa a ranar ya tashi ya tarar jama'a sun yi masa sabon naɗi kyauta, sun mayar da shi Sarkin Fifita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya wuni a ɗaki yana kallon sauran ɗinki biyu a rataye.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama a ƙofar gaba. Mai itace ne, amalanke a buɗe ba tampol, da dattawa biyu a bayansa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "tun shekaranjiya ba mu zauna ba, kowa irin itacen da kake saye yake nema. Shi ne ƙungiyarmu ta masu itace ta ce a zo a gaya maka, in ba ka raina ba, kai ne jakadanmu. Mota dai ba mu da ita. Ga wannan a fara da shi."

Garkuwa ya kumbura, ya buɗe baki zai yi jawabi. Sai idonsa ya faɗa kan amalanken. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sassauta murya.

"Busasshe ne dai ko?"