Na Rasu Ranar Biyar ga Uku

Jama'a, ku yi mini ta'aziyya. Yau da hantsi, a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, aka sanar da ni cewa na rasu wata biyu da suka wuce.

Ga yadda ajalin ya zo. An aiko wa mu 'yan fansho takarda, kowa ya kai kansa a gan shi da rai ranar 5/3, wanda bai zo ba a soke sunansa. Biyar ga Maris na sa babbar rigata, na tako a ƙasa tun daga Ƙofar Jatau, don tasin garin duk suna layin mai. Akawun ofishin, Mai Girma Sarkin Fayil, ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, ka yi sauri. Kwamfutarmu 'yar Amurka ce, wata take fara rubutawa kafin rana. Uku ga Mayu ke nan."

Na ce madalla da ci gaba, na koma gida.

Yau uku ga Mayu na dawo. Sarkin Fayil ya buɗe baki kamar ya ga fatalwa.

"Ai an gyara injin! Yanzu rana ce a gaba. Biyar ga Maris aka yi tantancewa, ba ka zo ba."

"Ranka ya daɗe, kai ka kore ni ran nan."

"Ni na gan ka, Baba. Inji ne bai gan ka ba."

Wallahi raina ya ɓaci, in dai mamaci na da rai. Shekara talatin da biyar ina aiki ban taɓa makara ba, sai yau na makara a kan rayuwata.

Batulu mai buga takardu ce ta raɗa mini sirrin gyaran. Kwamitin manya tara aka naɗa, suka tafi Legas mako biyu neman ilmin juya kwanan wata. Kafin su dawo, ita ta danna wuri uku tana cin gyaɗa, rana ta koma gaban wata a duk takardun injin. Manyan sun karɓi takardar yabo. Ita kuwa ta karɓi ta gargaɗi, don ta taɓa kayan gwamnati. Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira.

Na roƙi a dawo da ni duniya. Aka ce in kawo shaidar cewa ina raye, mai ɗauke da sa hannun magadana.

Maƙwabcina Malam Ɗahiru ya ji labari, ya yi salati, sannan ya tambaya ko kekena yana cikin gado.

Matata Hajo ce kaɗai ta ɗauki abin da muhimmanci. Ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Malam, takabar nan fa, daga biyar ga uku zan ƙirga, ko daga uku ga biyar?"

Na ce ta dakata tukuna, sai an naɗa kwamiti.