Dorinar da Na Sani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Abla Huda, malamarmu ta kimiyya, ta kashe fitilun aji ta kunna mana bidiyon kogi. Makarantarmu ta 'yan mata tana unguwar Al-Aziziya a ƙasa mai tsarki, kujerata kuma can baya take, ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗigo min ruwa a kafaɗa. Shekara biyu ina ajin, ba wadda ta taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakina. Ko a gida Kaka ce ke yi min, ni in amsa mata da Larabci.

Bidiyon na 'yan yawon buɗe ido ne cikin dogon kwalekwale mai rumfa a kogin Neja. Ina ta kallon ƙananan abubuwa yadda na saba: butar shayi a gindin matuƙin, farin tsuntsu a gadon bayan saniya, mata suna shanya kifi a gaɓa. Sai matuƙin ya buɗe baki. Hausa! Irin ta Kaka sak. Ya ce wa wani Bature, "Kai mai hula, so kake ka kifar da mu?" Dariya ta kuɓuce min.

Rimas da ke gabana ta juyo. "Abla, wannan tana jin yarensu!"

Aka fito da ni gaban allo in fassara. Da farko lafiya lau. Na gaya musu ya ce kada yana shan rana a kan rairayi, masunta kuma ba sa kama kifi mai ƙwai. (Har na gyara tsayuwa, kai ka ce jakadiyar Afirka ce.)

Can matuƙin ya kashe inji, ya sauke murya. "Kowa ya zauna. Kada wanda ya miƙe. Dorina na nan kusa, kuma ba ta da wasa."

Dorina ai na san ta. Tana rataye a bayan ƙofar ɗakin marigayi kakana, baƙa, busasshiya, ita Kaka ke ambata idan yayyena suka ƙi tashi sallah.

Na ce, "Ya ce duk wanda ya tashi zai sha bulala."

Abla ta tsayar da bidiyon. "Bulala? Dukan baƙinsu suke yi?"

A nan ya kamata in ce ban sani ba. Amma ajin duka ni yake kallo, kuma karon farko ba da tsokana ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Eh, Abla. Al'adarmu ce a can." (Ni da ban taɓa wuce Jidda ba.)

"Wallahi dama na ji haka suke," in ji Rimas. Abla ta gyaɗa kai, ta ce kowace al'umma da irin tata. Na ga wata tana rubutawa a littafi.

Aka ci gaba. Ruwan ya kumburo, ƙananan kunnuwa biyu suka leƙo, sai wani baki ya wage kamar but ɗin mota. Matuƙin ya nuna da yatsa, "Ga dorinar can!" Sunanta ya fito da Larabci a ƙasan hoton, yadda ko mai barci za ta gane.

Sun yi dariya har malamar ajin kusa ta leƙo. Daga ranar na zama Umm Kurbaj, wato uwar bulala, har ƙarshen shekara.

A gida na tarar da Kaka tana tsince shinkafa. Da na ba ta labarin dorinar, ita ma ta yi dariya har da tari. "Kai, Balarabiyata! Da fatar dabbar ake yin bulalar, shi ya sa sunansu ɗaya." Sai na gaya mata sauran. Ta ajiye tiren.

"Mu ne masu dukan baƙo? Ubana ya yi shekara bakwai yana tafiya a ƙasa kafin ya iso garin Manzo. A gidan su wa kike tsammani ya ci tuwo?"

Na ɗauki tiren na ci gaba da tsince shinkafar.

Tun daga nan na koyi cewa "ma adri", ban sani ba, kuma ban mutu ba. Abin da bai daina cina ba shi ne ajin nan guda, har da malama mai digiri, sun karɓi maganata ba tare da ko ɗaya ta yi shakka ba. Sai da dabba ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta wanke mutanena. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci, amma ta fi ni iya fassara.