Wardin Gwaggo da Tulun Tsakiya

Domin a yi mini adalci, lissafina bai kuskure ba. Sau uku na maimaita shi. Gwaggo Rabi, wadda nake zaune a gidanta a unguwar Jaradiya, ta damƙa mini furen wardin da aka kawo mata daga Ɗa'if in tatso mata ruwansa, tunda ni ne injiniyan gida, Muhandis kamar yadda take kirana da Larabci. Tukunya da bututu sun wadatar, amma na ƙagu in ga abin da ƙaramin tulu a tsakaninsu zai ƙara wa ƙamshi. Na auna komai har milimita, na zuba wardin a tulun.

Ƙa'ida ita ce tururi ya shiga tulun ta dogon bututu, ya fita ta gajere. Ni kuwa na juya su. Tulun da ya kamata ya riƙa bugawa dum-dum ya yi tsit, na durƙusa ina nazarin shirunsa. Can sai dafaffen wardi ya bulbulo cikin kwalbar da na tara don turaren, jajawur.

Gwaggo ta leƙa, ta ce, "Muhandis, turare na ce, ba zoɓo ba."

Har yau in an yi baƙi sai ta ƙwala mini kira: "Muhandis, a auno musu zoɓo, har milimita!"