Muryata a Ƙofar Gidan Su Bilkisu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na yi wa babban mutum rashin kunya a Gyallesu, alhali ina kwance a ɗakina a Tudun Wada, daga ni sai singileti.

Lokacin ina koyon saka kyamarar tsaro a wurin Oga Emeka, wani ɗan ƙabilar Ibo mai shago a Kongo, wanda in ransa ya ɓaci ya fi ni iya Hausa. Ni kuwa tun ina yaro Allah ya yi ni da son bin ƙwaƙƙwafi. Rediyon babanmu ma sai da na kwance ta don in ga mai maganar (har yau ba ta sake cewa uffan ba). Don haka sana'ar ta zo min daidai. Ka hau tsani, ka huda bango, ka ja kebul ta cikin silin kana shan ƙura, ka sauko ka ga layin unguwa gaba ɗaya ya fito a wayarka. Wallahi abin bai taɓa daina ba ni mamaki ba.

Oga yana da doka guda da yake nanatawa kullum: “In ka gama aiki, mai gida ya sa lambar sirrinsa da hannunsa, kai kuma ka goge gidan daga wayarka a gabansa. Tsaro muke sayarwa, ba leƙe ba.”

Aikin farko da ya sake min ni kaɗai, gidan Malam Tanimu ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da aka sace wa injin ruwa. Shi ne kuma mahaifin Bilkisu, wadda nake nema da aure, har manyana suna shirin zuwa tambaya. Na zage na yi aiki kamar a kansa za a auna ni. Na ɗora masa sabuwar kyamara a saman ƙofa, irin mai lasifika, wadda mai gida zai iya magana da baƙo daga waya. Da na zo batun lambar sirri sai ya ce, “Kai ai ɗan gida ne, bar ta yadda ka sa.” Na bar ta. Gogewar ma na ce sai gobe.

Goben ba ta zo ba. Da farko na ce ina duba lafiyar aikina ne. Nan na gano abubuwa: Malam da kansa yake share dakali, akuyar maƙwabta ce ke cinye masa fulawa, kuma mai nono tana ƙara ruwa a bayan bishiya kafin ta yi sallama. Amma gaskiyar magana, wata ƙawar Bilkisu ta taɓa ce min akwai wani mai mota da ke zuwa gidan, kuma shi nake jira.

Ran nan bayan la'asar sai ga mota. Wani ƙaton mutum ya fito, babbar riga tana jan ƙasa. Malam ya tare shi da hannu biyu, aka shimfiɗa darduma, Bilkisu da kanta ta kawo ruwa ta durƙusa tana murmushi. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na sa yatsu ina ƙara girman hoton don in ga fuskarsa, ashe babban yatsana ya danne alamar makirfo.

“Ji shi don Allah, tsofai-tsofai da shi!” na faɗa da ƙarfi. “Da wannan tumbin zai yi takara da ni? Hula kamar an kifa tukunya!”

Sai na ga su ukun sun ɗaga kai lokaci guda suna kallona. Wato suna kallon kyamarar. Bilkisu ta rufe fuska da mayafi ta faɗa gida da gudu. Malam ya gyara tabarau.

“Wa nake ji kamar yaron nan mai kyamara?”

To, mai hankali kashe waya zai yi, gobe ya ce na'ura ce ta haɗu da wani layi. Amma ni an yi min tarbiyya, babba ba ya magana in yi shiru. Ban san lokacin da na diro daga katifa na tsuguna a tsakar ɗaki ba (ni kaɗai fa, a gaban fanka).

“Na'am Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau. Ga kawun Bilkisu daga Kaduna, shi ne waliyyinta, kan maganarku ya zo. Taho ka gaishe shi, ka ga tumbin da kyau.”

A kan acaɓa na yi ta addu'ar taya ta fashe, ta ƙi. Na isa na zube, gumi har cikin takalmi. Kawu ya dube ni ya shafa cikinsa.

“Tumbin bai dame ni ba, nawa ne, ni na tara shi. Abin da nake son ji shi ne, wanda aka ba amanar ƙofa ya yi leƙe, in aka ba shi 'ya fa?”

Kunyar wannan tambayar ta fi ta farko zafi. Aka kira Oga Emeka, ya zo ya goge gidan daga wayata a gaban kowa, ya mayar da ni ɗaukar tsani. Kawu kuma ya ce ba tambaya ba ɗaurin aure sai ranar da ogana ya ce ana iya barina da gidan mutane. Damina guda na yi ina bin Oga da tsani a kafaɗa kafin ya buɗe baki.

Yanzu ina da shagona, Bilkisu tana ɗakina. Duk gidan da na yi wa aiki, ba na karɓar ko ruwan sha sai na goge shi a gaban mai shi, kuma na daina magana ni kaɗai da waya a hannu. Tumbi kuwa ni ma na ajiye nawa, kuma duk zuwan Kawu sai ya fara tambayar lafiyarsa kafin tawa.